Ciki da mako ake ƙirga shi: Daga hunturu zuwa kaka

 

Saƙon da zan tsaya a kansa yau ya zo ne daga wata amarya a Gashua mai cikin fari. Ta ce ta je awo karo na farko, malamar asibiti ta tambaye ta ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe, ta kasa faɗa. Abin da ta iya tunawa shi ne lokacin ana tsananin sanyi. Aka tura ta hoton ciki, aka rubuta mata a kati cewa cikin ya kai mako 22, alhali ita da mahaifiyarta wata huɗu da 'yan kwanaki suka ƙirga. Tana son ta san wa ya yi kuskure, kuma me ya hana asibiti ƙirga wata kamar yadda kowa ke yi.

Ƙanwata, babu wanda ya yi kuskure. Wurin fara ƙirgar ne ya bambanta. A gida daga ɓatan wata ake farawa, wato ranar da kika sa ran ganin jini bai zo ba. A asibiti kuwa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe muke farawa, domin ita ce ranar da mace ke iya riƙewa. Tsakanin waɗannan ranaku biyu akwai kimanin mako huɗu. Daga waccan rana ta al'ada zuwa haihuwa kwana 280 ne, mako 40 ke nan. Biyun farko ma babu cikin tukuna, domin ƙwai kan fito ne wajen kwana na 14. Idan aka cire su saura kwana 266, wanda ya yi daidai da wata tara na ganin wata. Kin ga ashe iyayenmu ma da gaskiyarsu.

Abin da ya sa muka nace wa mako shi ne wata ya yi faɗi da yawa. Akwai maganin da ba a bayarwa a mako na 10 amma ana bayarwa a na 13. Akwai gwajin da sai tsakanin mako na 24 da na 28. Jaririn da ya zo a mako na 33 da wanda ya zo a na 37 a gida duk za a iya ce musu 'yan wata takwas, amma ɗaya yana iya buƙatar kwalba, ɗayan kuwa a ranar zai kama mama. Kuma ni ban taɓa yarda cewa riƙe wannan rana ya fi ƙarfinmu ba. Macen da ke lissafin ranar da ta ajiye sallah da ranar da ta yi wanka ta fi kowa sanin kwanakinta. Rubutawa ce kawai ba mu saba ba. A sa a waya, ko a ja layi a kalandar da ke rataye a ɗaki.

Ga lissafin da ake yi a asibiti, kowa zai iya yin sa: a ƙara kwana 7 a kan ranar, sannan a ƙara wata 9 na Bature. Tunda amaryarmu ta ce da sanyi ne, kuma katinta ya nuna mako 22 a tsakiyar Yuni, mu ɗauka ranar 10 ga Janairu ce. Ranar da za a sa mata ran sauka ita ce 17 ga Oktoba. Ba alkawari ba ne, domin bai fi jariri ɗaya cikin ashirin ke zuwa a ainihin ranar da aka rubuta ba. Daga mako na 37 zuwa na 42 duk lokacin haihuwa ne. Amma da wannan rana ɗaya mun san cewa laulayinta ya faɗo a ƙarshen hunturu, tsakiyar cikin a bazara, tsufansa a damina, haihuwa kuma lokacin da kogin Yobe ke cike. Ga mace a Nguru ko Gashua wannan ba ƙaramin bayani ba ne.

Makonnin da ake ɓoyewa

A mako na 4, wajen 7 ga Fabrairu a lissafin namu, abin da ke mahaifa bai kai ƙwayar gero ba. Ya riga ya manne, ya fara sakin sinadarin da tsinken gwajin fitsari ke kamawa. Wasu matan kan ga ɗan ɗigon jini a wannan lokaci su ɗauka al'ada ce ta zo kaɗan, daga nan lissafi ke fara rikicewa.

A mako na 6 ya kai kamar ƙwayar dawa, zuciya ta fara bugawa. A daidai wannan mako ne bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar baya ke rufewa. Idan bai rufe daidai ba, shi ne ake haihuwar yaro da ƙullutu a gadon baya, ko kuma kai bai cika ba. Ƙwayar folik asid, 'yar ƙarama mai araha, tana rage wannan haɗari ƙwarai, amma sai an sha ta kafin a kai wannan mako. Shi ya sa ake son duk matar da ke sa ran ciki ta fara shan ta tun kafin ya shiga. Amarya tun daga makon biki, in da hali. Wadda ta fara a wata na biyar ta samu amfanin ƙarin jini, amma wancan amfanin ya wuce ta.

Daga mako na 6 ɗin ne laulayi ke kankama. Tashin zuciya, tsirtar da yawu, ƙin warin girki, barci kamar kasa, nono ya yi nauyi, fitsari a kai a kai. Yakan fi tsanani wajen mako na 9, ya lafa tsakanin na 12 da na 16. A ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kada a bar ciki wayam, a ɗan sa wani busasshen abu a baki kafin a sauko daga gado. Citta tana taimaka wa wasu. Amma aman da ko ruwa ba ya bari ya zauna, har fitsari ya ƙafe ko ya yi ja, ya wuce laulayi. Wannan sai ƙarin ruwa a asibiti.

A mako na 8 ɗan tayi ya kai ƙwayar gyaɗa, hannuwa da ƙafafu sun ɓullo. A na 10 ya kai dabino. A na 12, wajen 4 ga Afrilu, tsawonsa santimita 5 zuwa 6, kamar goruba, kuma kusan duk gaɓoɓinsa an ƙera su: yatsu, ƙoda, hanji, fuska. Abin da ya rage girma ne da nuna.

To a nan gizo ke saƙa. Waɗannan makonni 12 da ake ƙera mutum a cikinsu su ne muke ɓoyewa. Mai cikin fari kunya take ji, ko mahaifiyarta ba za ta faɗa wa ba. Mai na biyar tsoron baki take yi, ko tsoron a ce ta yi kwanika. Sai ciwon kai ya zo, ko zazzaɓi, a aiki yaro kemis, mai kemis bai san da ciki ba ya haɗo abin da ya saba haɗawa. Ko maƙwabciya ta kawo jiƙo. Ban ce a yi shela a unguwa ba, kunya adonmu ce. Amma mutum biyu dole su sani: maigida da ma'aikaciyar asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a je awo sau 8, na farko kafin a wuce mako na 12, sannan a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. A zuwan farko ne ake auna jini a ga ko ya yi ƙasa, a duba rukuninsa, a yi gwajin sikila, da na cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon hanta, da tunjere, a gwada fitsari, a auna hawan jini. Wannan awon hawan jini na farko shi ne ma'aunin da za a riƙa gwada na gaba da shi. Hoton ciki ma a waɗannan makonni ya fi faɗin gaskiyar kwanaki. In ciki ya tsufa, kuskurensa kan kai mako biyu zuwa uku.

Abu biyu ke sa a tafi asibiti a guje a wannan zango. Na farko jini. Cikin kowane ciki 100 da aka sani, 10 zuwa 20 kan zube, akasari kafin mako na 13, kuma mafi yawa saboda tun wajen haɗuwa halittar ba ta daidaita ba. Ba daka ba ne, ba ɗibar ruwa ba ne, ba laifin yarinyar ba ne, a daina ɗora mata. Amma ɓari yana buƙatar a duba ko ya fita duka. Na biyu ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya, da jiri ko suma, galibi tsakanin mako na 6 da na 10. Yana iya zama cikin bayan mahaifa ne ya fashe, jini na zuba a ciki ba a gani. Wannan tiyata yake so cikin gaggawa, kuma ko daga Machina ko Yusufari ake, hanyar babban asibiti za a kama, ba a kwana.

Bari in taɓa maganar kwanciyar ciki, domin tana yawan zuwa mini. Mace za ta ce cikinta ya kwanta shekara guda, sai daga baya ya tashi. A ilimin likitanci ɗan tayi mai rai ba ya tsayawa da girma ya jira. Abin da muke tararwa idan an yi hoto ɗaya ne cikin 'yan abubuwa: ko cikin ya lalace bai fita ba, ko al'ada ce ta ɗauke don wani dalili sannan daga baya aka samu sabon ciki, ko kuma ƙari ne a mahaifa. Kowanne da maganinsa, kuma na farkon yana iya ruɓewa ya sa wa uwa cuta. Hoto ɗaya ya raba gardama.

Bazara da motsin farko

Daga mako na 13 yawancin mata kan ji sun dawo hayyacinsu. Amai ya tsaya, abinci ya fara shiga. A lissafinmu wannan tsakiyar Afrilu ne, lokacin da zafi a Nguru da Gashua ke haura digiri 40. Mai ciki ta fi kowa jin sa, domin jinin jikinta yana ƙaruwa, har ya kusa ƙara rabin yadda yake kafin ciki ya tsufa. Ta sha ruwa har fitsarinta ya yi fari-fari. Aikin tsakar gida a yi shi da sassafe ko da la'asar sakaliya. Jiri idan an miƙe da sauri abu ne da aka saba gani a wannan lokaci, a riƙa tashi a hankali.

Zafi da ƙarancin ruwa kan jawo ciwon mafitsara, wanda ke iya haurawa ƙoda ya tayar da naƙuda kafin lokaci. Mutumin Gashua ba sai an yi masa dogon bayani a kan ciwon ƙoda ba, kusan kowa ya san gidan da ya shiga. Don haka zafin fitsari, ko ciwon kwiɓi da zazzaɓi, a kai asibiti. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, da haɗin gajiya da ake sayarwa a ƙulle a leda, mai ciki ta nisance su, suna taɓa ƙodar uwa da ta ɗan. Farasitamol ya wadatar, shi ma bisa ƙa'ida. Matan da suka taso a bakin ruwa, irin su Dagona da ƙauyukan fadamar Hadejiya da Nguru, idan sun ga jini a ƙarshen fitsari su faɗa, domin tsargiya tana shan jini a hankali kuma tana da magani.

A mako na 13 ne ake fara ba da Fansidar ta rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Ƙwaya uku ake haɗiya a gaban malamar asibiti, sannan a maimaita bayan kowane wata har a haihu, aƙalla sau uku. Wadda jikinta ba ya karɓar maganin salfa, ko take shan Septrin kullum, ta faɗa kafin a ba ta. Akwai kuma folik asid mai ƙarfin miligiram 5 da ke rage wa Fansidar aiki, don haka a bar ma'aikaciya ta zaɓi wadda za a sha. Allurar sarƙe-haƙora ita ma a fara ta da wuri: biyu ake so, mako huɗu tsakaninsu, ta biyun aƙalla mako biyu kafin haihuwa.

A mako na 16 nauyinsa ya kai giram 100. A na 20, wajen 30 ga Mayu, rabin tafiya ke nan: giram 300, tsawo kamar santimita 25, saman mahaifa ya iso cibiyar uwa. Tsakanin nan ne ake jin motsin farko. Wadda ta taɓa haihuwa takan gane shi tun mako na 16, mai cikin fari kuwa sai na 18 zuwa 20, wani lokaci har 22. Da fari kamar iska ce ke yawo a hanji. Ya daɗe yana motsi, ƙanƙantarsa ce ta hana a ji. Hoton da aka yi tsakanin mako na 18 da na 22 shi ke nuna lafiyar gaɓoɓi, da inda mabiyiya ta zauna, da ko tagwaye ne. Na san abin da aka fi tambayar mai hoto shi ne mace ce ko namiji. A fara tambayar inda mabiyiya take.

Baƙin layi daga cibiya zuwa mara, duhun wuya da fuska, nankarwa, dasashi mai jini, duk na ciki ne. A bar man bilicin. Kwaɗayi ma babu laifi, sai dai na farar ƙasa, ko gawayi, ko ƙanƙara, wanda sau da yawa alama ce ta ƙarancin jini.

A kan abinci Allah Ya rufa wa wannan yanki asiri. Ga kifi ɗanye da banda, ga wake, gyaɗa, zogale, rama, kuka, yakuwa. Kifin da aka fesa wa maganin ƙwari don ajiya ne abin gudu, a saya wurin wanda aka yarda da shi. Ƙwai dafaffe ba ya sa yaro sata, ba ya hana shi magana, a ci. Madarar shanu a tafasa ta. Ƙwayar ƙarin jini kuwa kada a kora ta da shayi, yana hana jiki ɗaukar ta. A sha da ruwa, ko da lemo. Takan sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba cuta ba ce. Kuma ba ta sa ɗa ya yi girman da zai gagari haihuwa, kamar yadda ake tsoratar da yara mata. Abin da take yi shi ne ta ba uwa jinin da za ta jure zubar da ke biyo bayan haihuwa.

Damina

Nan amaryarmu ta dosa. Ranar 27 ga Yuni za ta cika mako 24, nauyin ɗan kamar giram 600, yana jin sauti, yana zabura idan an buga ƙofa. Ranar 25 ga Yuli mako 28, ya kai kilo ɗaya, yana buɗe ido, yana shaƙuwa har uwa ta ji ɗan bugu a jere. Tsakanin waɗannan ranaku biyu ake gwajin ciwon suga na ciki, musamman ga mai ƙiba, ko mai shi a dangi, ko wadda ta taɓa haifar ɗa mai kilo 4 ko fiye. Mai jinin negetib kuma a mako na 28 ake yi mata allurar anti-D, don kare cikin da zai biyo baya.

Daga mako na 24 zuwa na 36, idan malama ta sa tef daga ƙashin mara zuwa saman ciki, yawan santimita kan yi kusa da yawan makonni. Wadda ba ta san makonta ba, da me za a gwada a gane ɗan ba ya girma?

Ruwa na sauka sauro ke tashi, kuma a bakin fadama ba ya ƙarewa da wuri. Zazzaɓin cizon sauro a jikin mai ciki munafuki ne. Ƙwayoyin kan taru a mabiyiya, uwa ba ta jin zazzaɓi sosai, amma jininta na raguwa, abincin ɗan na raguwa, a haife shi ƙanƙani ko kafin lokaci. Masu cikin fari ya fi kayarwa. Gidan sauro mai magani kowane dare, ko da ana kwana a waje saboda zafi. Duk zazzaɓi a gwada jini a ranar, kada a ce na damina ne zai wuce.

Sai babban abin da ya sa na fi son kowace mace ta san makonta. Daga mako na 20 zuwa sama hawan jinin ciki ke iya bayyana, kuma ya fi yawa a ƙarshe. Idan awo ya kai 140 bisa 90, aka kuma ga sinadarin furotin a fitsari, an shiga haɗari ko da mace tana jin garau. Kumburin ƙafa da yamma wanda ke saɓewa da safe, yawancin masu ciki na yi. Wanda ke ba mu tsoro shi ne kumburin fuska da hannu, zobe ya matse, ciwon kai da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Bayan waɗannan jijjiga ce. Ta fi kama masu cikin fari, da ƙananan yara, da masu tagwaye, da waɗanda shekaru suka ja. Na sha ganin an kawo yarinya bayan ta kwana tana jijjiga a gida ana turare, an ce iska ce. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, a yi ta a cikin mota. A kwantar da ita a gefen hagu, kada a cusa cokali a bakinta, kada a ɗura mata komai. Akwai allurar magniziyam salfet da ke tsayar da jijjigar, kuma warakar gaskiya ita ce a raba ta da cikin. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna mata kimanin 82,000 suka rasu a Najeriya a 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Zubar jini da jijjiga suna sahun gaba, kuma ita jijjiga na'urar awon hawan jini da ke kowane ƙaramin asibiti tana hango ta tun daga nesa.

Daga mako na 28 a riƙa kwanciya a gefe, a bar rigingine. A kuma san yadda ɗan ya saba motsi. Maganar cewa ɗa yakan daina motsi idan haihuwa ta kusa ba gaskiya ba ce. Salon motsin ne ke sauyawa saboda wuri ya matse. Idan ya ragu sosai ko ya tsaya, a ranar za a je, ba gobe ba.

Ƙwannafi, ciwon baya, ɗaurewar jijiyar ƙafa da dare, basir, haki idan an yi tafiya, duk suna zuwa a wannan zango. Kada a sha kanwa don ƙwannafi, gishirinta na ƙara kumburi. Jini kuwa komai ƙanƙantarsa ba na lafiya ba ne. Ko mabiyiya ce ta tare ƙofa, ko ta fara ɓanɓarewa. Kada ungozoma ta sa hannu.

A mako na 32, wajen 22 ga Agusta, ya doshi kilo biyu. A na 36, wajen 19 ga Satumba, ya wuce biyu da rabi, kuma yawancinsu kai ya juyo ƙasa. Uku ko huɗu cikin 100 ne ke zama a zaune har ƙarshe, su kuma a asibiti ya kamata a haife su. Huhu ne ke nuna a ƙarshe, shi ya sa kowane mako a ciki riba ne. Abin da ake cewa bakwaini yana rayuwa amma ɗan wata takwas ba ya yi, a ajiye shi. Ɗan wata takwas ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kada a sare da shi. Idan naƙuda ta taso ko faya ta fashe kafin mako na 37, a hanzarta, domin akwai allurar da ake yi wa uwa ta taimaki huhun ɗan idan cikin bai wuce mako 34 ba.

Yanzu da maigida nake. Malam, matarka za ta shiga kwanakin haihuwa daga 26 ga Satumba, lokacin da ruwa ya cika fadamu. Ba mu manta da ambaliyar 2022 ba, yadda hanyoyi suka yanke a Bade da Jakusko, wasu ƙauyuka sai da kwalekwale. Kafin mako na 36 a gama shawara. A ina za ta haihu? Motar wa za a kira da tsakar dare, kuma akwai lambarsa a wayarta? Su wa za su ba da jini, mutum biyu aƙalla? Nawa aka ajiye? Ka ba ta izinin tafiya asibiti tun yanzu, a gaban mahaifiyarka, don kada ka tafi kasuwa ko gona a zauna jiran dawowarka. Idan za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, a dubi hanyar garin. Wadda aka taɓa yi wa tiyata, ko mai tagwaye, ko mai hawan jini, ko mai sikila, ko yarinya ƙarama mai cikin fari, gara ta tare kusa da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko babban asibitin Gashua, ko da a gidan dangi ne. Ta tafi da katinta duk inda za ta. A watan Nuwamba 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da shirin tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa, a tambaya tun a wurin awo ko asibitinku yana ciki.

A makonnin ƙarshe ciki kan sauka, numfashi ya samu sarari, fitsari ya ƙaru. Yakan ɗaure ya saki ba tsari, in an huta ya bari. Naƙudar gaskiya kuwa tana zuwa a jere, tana matsowa, tana ƙara ƙarfi, daga baya zuwa mara. Majina mai ɗan jini da ke fita kafin naƙuda, wadda ake kira zaƙi, toshiyar bakin mahaifa ce, kowace mace da ita, ba shan rake ne ya kawo ta ba. Jiƙon da ake sha don a wanke ta, ko don a kawo naƙuda da sauri, wani yana matse mahaifa fiye da kima har ɗan ya galabaita. Faya in ta fashe a tafi ko babu ciwo, musamman idan ruwan kore ne. Naƙudar da ta wuce awa 12 a gida, rana ta fito ta faɗi mace na kan gwiwa, ita ke kai wa ga yoyon fitsari da rasa ɗa. Idan kuma an kai mako na 41 shiru, a koma asibiti, akan tayar da naƙuda kafin a shiga na 42 domin mabiyiya ta fara gajiya.

Ƙanwata ta Gashua, abin da ya wuce ya wuce, kuma tunda hoto ya nuna lafiya sai godiya. Ki karɓi Fansidar ɗinki da allura idan ba a ba ki ba, ki rataya gidan sauro yau, ki tambayi malama nawa awon hawan jininki ya nuna ki riƙe lambar. Ranar da aka rubuta miki ta komawa kada ki ɗaga ta ko ana ruwa. Allah Ya raba lafiya.

Mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, za mu duba wankan jego da kunun kanwa, da abin da suke yi wa zuciyar mai jego.